Neman shawara: Na gama karatun zane, ta ina zan shiga sana'ar katun?

Mai tambaya: Assalamu alaikum yayyena. Na kammala karatun zane a Zariya, na dawo gida Katsina. Hannuna ya faɗa a fensir da fenti, amma katun nake so ya zama sana'ata. Niyyata in fara da labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu, na minti 30. Kwamfutata RAM 8 gare ta, wato ma'adanar da take aiki da ita gigabait 8 ce. Ta ina zan kama?

Wani mai katun na 2D (zane shimfiɗaɗɗe, irin na kan takarda): Wa alaikumus salam ƙanena. Zo mu yi lissafi tukuna. Daƙiƙa ɗaya ta fim firam 24 ce, wato hotuna tsayayyu 24 da ke wucewa a jere. Ko ka bar kowane zane ya zauna firam biyu, kamar yadda aka saba, zane 12 ke nan a daƙiƙa, 720 a minti. Minti 30 ɗinka zane 21,600 ne, ga doki, ga maciji, ga taron mutanen Daura, kai kaɗai. Nan ake karaya.

Ciro daƙiƙa 10 kacal daga labarin: baƙo na jan guga daga rijiya. Idan mai kallo ya ji nauyin ruwan a kafaɗar mutumin, ka iya. Idan gugar na tasowa kamar balan-balan, tazarar da ke tsakanin zane da zane ce ta zo daidai wa daida. Abu mai nauyi a hankali yake fara motsi, don haka zanen farko su matsu kusa da juna. Kafin wannan ka yi ƙwallo mai tsalle, da tafiyar mutum, taku biyu a firam 24.

Wata mai harhaɗa bidiyo: Kada ka kashe kuɗi kan manhaja yanzu. Krita da OpenToonz da Blender duk kyauta ne. RAM 8 za ta ɗauki 2D. Abin saye shi ne allon zane mai alƙalami da ake haɗawa da kwamfuta, na Huion ko XP-Pen ko Wacom, ƙarami ma ya isa. Kuma don Allah in za ka fitar da aiki, fitar da shi hoto-hoto na PNG, kowane firam da fayil ɗinsa, daga baya ka haɗa su bidiyo. In aka ɗauke wuta a firam na 400, daga nan za ka ci gaba. In bidiyon MP4 ne kai tsaye, sai dai ka sake daga farko.

Wani mai naɗar murya: Malam, murya ake fara naɗa, sannan a zana baki a kanta. A kan sautin b da ɓ da m leɓe ya rufe ruf na firam biyu aƙalla, in ba haka ba ido ba zai kama ba. Kuma jadawalin siffar baki ga kowane sauti da ke intanet na Turanci ne, haƙori a kan leɓe wajen f. Bakatsine da ya ce "hwara" leɓensa tsukewa yake yi. Ajiye madubi kusa da kai.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To abinci fa, daga ina zai fito?

Wani mai aikin talla: Daga gajerun tallace-tallace na daƙiƙa 30, bidiyon wayar da kai kan lafiya, darussan makarantu, da rubutun buɗe fim na masu shirya fina-finai a Kano. Ba mai tambayar takardarka, bidiyon gwaninta ake nema: minti ɗaya, mafi kyawun aikinka a farko. Karɓi rabin kuɗi kafin ka taɓa alƙalami. Mai aiki ya amince da zanen labarin kashi-kashi a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, kuma ku ƙayyade gyara sau biyu. Wanda bai yi haka ba, an gama aiki za a ce masa a sauya wa jarumin hula.

YouTube kuwa kada ka jingina da shi yanzu. In aka yi wa katun ɗinka alamar na yara ne, ana rufe masa sharhi, tallarsa ma a taƙaice take.

Mai katun na 2D: Na manta. In ka koma 3D daga baya, wato katun mai jiki kamar mutum-mutumi, nemi RAM 16, kuma kada ka fara da sa wa jaruminka babbar riga: hannunsa kan huda yadin ya fito ta waje. Fara da kaftani.