Yaya kuke riƙe lissafin littattafan da kuka karanta a shekara, musamman na aro?

Malamar Firamare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malama ce a wata firamare a nan Kano, kuma kusan duk karatuna na aro ne, don albashin bai kai in riƙa sayen littafi duk wata ba. Wasu nakan ɗauko a laburaren jiha, wasu a wajen wata mai hayar littattafai a unguwarmu, wasu kuma a hannun abokan aiki.

Abin da ke damuna shi ne littafin aro ba ya barin sawu. Wanda ka saya yana nan a kanta, kana ganinsa ka tuna. Na aro kuwa da ka mayar shi ke nan. Yanzu shekara ta zo ƙarshe, ina son in zaɓo wa 'yan ajina labaran da zan karanta musu zangon gaba, akwai wani da na ji daɗinsa wajen watan Maris mai labarin wani yaro makiyayi, amma sunan marubucin ya ɓace mini, na je kantar da nake zaton a nan na ɗauko shi ban gan shi ba.

To a ina kuke rubuta naku? Kuma littafin da ya fito na ɗaya, na biyu, na uku, ɗaya kuke ƙirga shi ko uku? Ranar mayarwa fa, yaya kuke yi kada ta wuce ku, tunda kowane wuri da nasa wa'adin?

Tsohon Ma'aikacin Laburare

Wa alaikumus salam, 'yata. Wannan tambaya ta faranta mini rai, domin a teburin bayar da aro na yi yawancin aikina kafin in yi ritaya.

Ki sayi littafin rubutu mai kauri, irin mai bangon kwali, ki ware shi don wannan kaɗai. Kowane littafi layi biyu ko uku: ranar da kika karɓa, suna, marubuci, wurin da kika aro, ranar mayarwa. Sannan ga abin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma shi ne zai magance miki matsalar littafin makiyayin nan: lambar da ke manne a ƙashin bayan littafin. Ki kwafe ta yadda take, har da haruffan da ke ƙarƙashinta. Da wannan lambar ake jera littattafai a kanta. In kin kawo wa ma'aikaci ita, ko bai taɓa jin sunan littafin ba zai kai ki wurinsa, ko ya duba ya gaya miki yana hannun wani.

Laburaren gwamnati da na makarantu galibi tsarin Dewey suke bi, mai lambobi daga 000 zuwa 999. A nan littattafan Musulunci suna 297, ilimi 370, tarihin Afirka 960 zuwa 969, adabin Hausa kuma 893.72. Jami'o'i da yawa kuwa tsarin laburaren majalisar Amurka suke bi, mai farawa da haruffa, inda Musulunci ke ƙarƙashin BP, harshe da adabin Hausa kuma wajen PL8231 zuwa PL8234. Ba sai kin haddace ba. Amma in kin yi 'yan watanni kina rubuta lambobin, za ki ga da idonki cewa ƙafarki kanta ɗaya ko biyu take zuwa kullum, sauran ɗakin ba ki taɓa leƙawa ba. A ganina wannan ya fi sanin adadi amfani.

Batun ranar mayarwa, akwai takardar da ke manne a cikin bangon littafi wadda muke buga wa hatimin kwanan wata. Mutane ba sa sake kallonta bayan sun fita. Ki rubuta ranar da jan biro a littafinki, in kin mayar ki ja layi a kai. In wa'adi ya kusa ba ki gama ba, ki kawo littafin a sabunta miki, matuƙar wani bai riga ya nema ba. Abu ɗaya nake roƙon ki: kada ki ba wani aron littafin da ke kan katinki, ko da 'yar uwarki ce ciki ɗaya. Yawancin littattafan da na ga sun salwanta ba sace su aka yi ba, hannu ne ya miƙa wa hannu har aka rasa inda suka tsaya, kuma laburare ba ya samun kuɗin sayen madadi a kan kari. Akwai bugun Zariya na da waɗanda in kwafi ɗaya ya fita bai dawo ba, yaran garin sun rasa shi ke nan.

Maman Biyu

Malama, ni a gidan haya na tashi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta yi shekaru tana bayar da hayar littattafan Hausa a cikin gida, matan unguwa suna aiko yara su karɓa. Akwatin ƙarfe ne cike da littattafai, kowanne an yi masa bango da takardar buhun siminti, an rubuta lamba da alƙalami a kai. Tana da babban littafi da take rubuta sunan gida, lambar littafi, da ranar da aka ɗauka. Ni ce mai rubuta mata tun ina aji huɗu, shi ya sa har yau ba na iya karanta abu ban rubuta ba.

A wajen mai haya, na ɗaya da na biyu da na uku littafi uku ne, don kowanne da kuɗinsa, kuma in na biyu ya ɓata sauran biyun sun mutu, babu mai hayar labari da rami a tsakiya. Amma a nawa lissafin labari ɗaya littafi ɗaya ne. Marubutan Kano sukan raba labarin ne saboda kuɗin ɗab'i da kuma a sami na buga na gaba, kowane kashi bai fi ka gama shi tsakanin azahar da la'asar ba. Ban yarda in ce na karanta uku ba alhali labari ɗaya na sha. Inda nake bambantawa shi ne irin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda shi ma uku ne, amma kowane kashi cike yake da labarai masu zaman kansu. Shi kam uku nake rubuta shi.

Wanda ya fi ba ni wahala yanzu na waya ne, waɗanda ake turowa shafi-shafi a WhatsApp. Wani ki bi shi wata biyu marubuciyar ta tsaya, ko ta ce sauran sai an biya. Na ware musu shafukan baya, ina rubuta inda na tsaya. Ba na sa su cikin na shekara sai na ga ƙarshensu.

Ɗalibin Zaure

Ni da izininku ban cika son maganar ƙirge ba. Ina ɗaukar Risala a gaban malaminmu bayan sallar asuba, yau layi biyar gobe layi bakwai, sai ya fassara ya warware, kuma shekara ta zagayo ba mu sauke ba. In adadi ne, bana littafi ko ɗaya ban gama ba ke nan, alhali ban taɓa yin karatu mai nauyin na bana ba.

Abin da nake yi shi ne abin da na gani a littattafan kakana da aka kwafa da hannu: a ƙarshe mai kwafa yakan sa ranar da ya gama da sunansa, ya roƙi addu'a. Ni ma ina rubuta ranar farawa, ranar saukewa, da wanda na karanta a wurinsa. Kuma shekarata daga Muharram take farawa. Kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta bature da wajen kwana goma sha ɗaya, amma ta fi mini daidai, don azumi kullum yana wuri ɗaya a cikinta, kuma kowa ya san a watan nan sauran karatu yakan ja baya a ba Alƙur'ani da tafsiri wuri. Malama, ki bar fili a gefen kowane suna ki rubuta abu ɗaya da kika ƙaru da shi. Da kin yi haka a watan Maris, ko sunan ya ɓace, da labarin makiyayin yana hannunki.

Ɗan Sabon Gari

Anti, ni waya nake amfani da ita. Na gwada Goodreads, manhajar masu karatun littattafai, suna da wurin da za ka sa adadin da kake son karantawa a shekara yana ƙirga maka, amma littattafanmu na Hausa da yawa babu su a ciki, wasu ko lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, ba su da ita. Sai na koma ɗaukar hoto: bangon gaba, da takardar hatimin nan da Baba ya ambata, tun kafin in bar laburare. Hoton da kansa yana ɗauke da ranar da aka ɗauka. Ina tara su wuri ɗaya, sannan in saita ƙararrawa kwana biyu kafin wa'adi. Sai dai ki riƙa tura su imel ɗinki, saboda waya tana iya faɗawa ruwa ko a ɗauke ta a kasuwa.

Malamar Firamare

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan sayi littafin mai bangon kwali, in haɗa da hoton takardar hatimi. Maman Biyu, na ɗauki ƙa'idarki ta labari ɗaya littafi ɗaya, Allah Ya gafarta wa Hajiya. Baba, saura ɗaya: littafin da zan karanta wa yara a aji, in ya kai ni zango guda fa? Wa'adin aro ba zai kai ba.

Tsohon Ma'aikacin Laburare

Ki karɓo wasiƙa daga hedimasta mai ɗauke da hatimin makaranta, ki nemi ganin shugaban sashen yara, ki gaya masa ajin da kike koyarwa da yawan ɗalibanki. Irin wannan buƙata ana duba ta daban da aron mutum ɗaya, kuma a lokacina mukan yi murna in malami ya zo da ita. Ki kuma ba shi labarin yaron makiyayin yadda kika tuna, da kalar bangon in kina iya tunawa. Ma'aikatan sashen yara sun san littattafansu ɗaya bayan ɗaya, don su ke gyara su in sun yage.