Neman kalma: sojojin jikin da ke juyowa kan mai su

Mai shirin lafiya, Tudun Wada: Salamu alaikum malamai. Ina da shirin rediyo na 14 ga Nuwamba, Ranar Ciwon Suga ta Duniya, jibi za mu ɗauka. Suga nau'i na 1 za mu taɓa, wanda ya fi kama yara. Me zan kira otoantibodi, waɗanda ake gani a jini idan garkuwar jiki ta juya kan fankiriyas? Sai kuma maganar gadonsa. A taimaka.

Malamar jinya, Shika: Mu "sojojin jiki" muke ce wa majinyata, suna ganewa. Ka ce sojojin jiki masu tawaye.

Ɗan Kongo: Fankiriyas kuma? Ba saifa ba ce?

Likita, Shika: Saifa daban take, kada ka faɗa a rediyo. Fankiriyas tana kwance ne bayan tumbi, ita ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. Kuma a lura, otoantibodi ba su ne ke kashe ƙwayoyin da ke yin insulin ba, wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke wannan ɓarna. Su otoantibodi hayaƙi ne da ke nuna wuta ta kama. Huɗu aka fi gwadawa: GAD, IA-2, ZnT8 da masu kama insulin ɗin kansa. Sukan bayyana shekaru kafin yaro ya fara yawan fitsari da ƙishirwa da rama.

Malam, Samaru: Tawaye ya yi tsawo. Maci-amana, jam'i maciya-amana. An ba shi gadin gida ya ci gidan. Ginin Hausa ne tsantsa, kamar maga-takarda. Abin kunya ne a garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 mu zauna muna "otoantibodi".

Baƙo daga Kano: Allah ya ja zamanin Malam, amma Zazzagawan da ke cewa "matana ya zo" ne za su daidaita mana Hausa?

Malam, Samaru: Yaro, daidaitacciyar Hausar da kake taƙama da ita, a maɗaba'ar Gaskiya da ke Tukur-Tukur, nan Zariya, aka yi ta buga ta.

Malamar jinya, Shika: Don Allah ku bari, bawan Allah yana da aiki. Baba Malam, da girmanka, maci-amana ba zai yiwu ba. Uwa ta ji an ce an ci amanar ɗanta, jifa za ta ɗauka, ta ajiye allura ta tafi neman makari. Yaro mai irin wannan suga kuwa ba ya rayuwa ba insulin.

Likita, Shika: Ni "ciwon gado" ya fi damuna. Ba kamar sikila ba ne. Abin da ake gada saurin kamuwa ne, kusan rabinsa daga ƙwayoyin halittar HLA, masu kula da garkuwar jiki, da ke kan kuromosom na 6. Da yawa suna ɗauke da su har tsufa lafiya lau, kuma mafi yawan yaran da suka kamu ba mai shi a gidansu. Ko tagwaye masu kama ɗaya, wani ya kamu wani ya tsira. Ka ce "gado" kawai, gobe dangin miji su ɗora wa uwa, a fasa auren ƙannen yaron. Alhali ma ɗan da ubansa ke da shi ya fi shiga haɗari a kan wanda uwarsa ke da shi.

Mai shirin lafiya, Tudun Wada: To na ɗauki "gadon saurin kamuwa". Ɗayan zan ce "alamun tawayen garkuwar jiki", in ambaci otoantibodi sau ɗaya don masu zuwa gwaji. Na gode Likita, na gode Anti.

Malam, Samaru: Kalma huɗu a wurin ɗaya. Ka yi shirinka, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a ajina maci-amana zan koyar.