Shin tsayin tsauni yana shafar nauyin katako?

Kafinta daga Gombe: Assalamu alaikum. Idan na yanka gungume nakan ga zobba a cikinsa, wani sashe fari mai laushi, wani kuma mai duhu da tauri. Shin gaskiya ne katakon bishiyar kan tsauni ya bambanta da na ƙasa?

Malamin ilimin gandun daji, Bauchi: Wa'alaikumussalam, Malam. Gaskiya ne. A tsaunukan Turai farin sashen yana samuwa ne a farkon lokacin girma na kowace shekara, mai duhun kuma a ƙarshensa. Can sama, inda sanyi ke taƙaita girma, duk shekarar da ɗumi ya yi ƙaranci mai duhun ba ya yin nauyi, domin bangon ƙwayoyin itacen bai samu damar yin kauri ba. Haka aka gani a zoben shekarar 1816, wadda ta yi sanyi bayan aman wutar dutsen Tambora na Indonesiya a 1815.

Ɗaliba daga Gombe: Amma Malam, a nan ai ruwa ne ke takura bishiya, ba sanyi ba.

Malamin: Haka ne, 'yata. A wurinmu bishiya takan dakata da rani, ta ci gaba da damina, shi ya sa faɗin zobenta yakan bi yawan ruwan shekarar.