Neman shawara: wace manhaja zan riƙa karanta takardu da ita, kuma saurin karatu gaskiya ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jarrabawa ta taso ni gaba, kuma kusan duk littattafan da takardun darasinmu PDF ne. Manhajar da ke wayata talla ta yi mata yawa, ga rubutun ƙanana, sai na yi ta jan shafi hagu da dama kafin in kai ƙarshen layi ɗaya. Wace ce ta kyauta mai nagarta, ta waya da ta kwamfuta? Sannan ina ganin masu tallar kwas suna cewa za su koya wa mutum karanta kalma 1,000 a minti ɗaya. In shiga, ko in riƙe kuɗina?

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. In kwamfutarka Windows ce, sauke Sumatra PDF. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarta, kuma tana buɗe PDF da wasu nau'o'in fayil na littattafai kamar EPUB da MOBI da DjVu. A Android, ReadEra nake amfani da ita, ba talla, tana kuma tuna shafin da ka tsaya. Ka sauko da su daga shafinsu na ainihi ko Play Store, kada ka karɓi fayil da wani ya turo maka.

Mai gyaran kwamfuta: Ɗan'uwa, jan shafin nan da kake yi ba laifin manhaja ba ne kaɗai. Tun da kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, manufarsa ita ce shafi ya tsaya yadda aka tsara shi, ko a allo ko a takarda. Shafin da aka auna wa takardar A4 ba zai zauna daidai a allon waya ba. EPUB kuwa rubutunsa na bin faɗin allo, in ka ƙara girman harafi layukan su sake jeruwa da kansu. Don haka duk littafin da ka samu a EPUB, ɗauki wannan.

Wanda ya zo a PDF, manhajar kwamfuta mai suna Calibre na iya juya shi zuwa EPUB, ita ma kyauta ce. Sai dai in akwai jadawali ko lissafi ko rubutu mai ginshiƙi biyu, yakan fito a hargitse. Manhajar KOReader na iya sake jera layukan PDF su dace da allo, amma saitinta sai da haƙuri. Abu ɗaya kuma: gwada taɓa kalma ka ga ko za ta zaɓu. In ta ƙi, hoton shafi ne aka ɗauka, ba za ka iya neman kalma a ciki ba sai an bi ta kansa da OCR, wato manhajar da ke mayar da hoto rubutu.

Wata ɗaliba: Batun sauri, ni dai bin layi da yatsa ya taimake ni, hankalina ya daina tafiya wani wuri. An kuma ce mutum ya daina furta kalmomi a zuciyarsa, ya daina komawa baya. Akwai ma manhajojin da ke walƙo kalma ɗaya-ɗaya a tsakiyar allo.

Malamin makaranta: 'Yar'uwa, yatsan ba shi da aibu, amma sauran ina da ja a kansu. Wannan kasuwa ta koyar da saurin karatu tsohuwa ce, tun 1959 wata malama mai suna Evelyn Wood ta buɗe kwas ɗinta a Amurka, kuma masana sun daɗe suna auna ta. Ido ba ya zamewa a kan layi. Tsalle yake yi ya tsaya, kowace tsayuwa kusan rubu'in daƙiƙa, kuma 'yan haruffan da ke daidai inda ya tsaya ne kawai yake gani sarai. Ba atisayen da zai sa ya haɗiye shafi a kallo ɗaya.

A 2016 masanin binciken karatu Keith Rayner da abokan aikinsa sun tattara binciken shekaru masu yawa, suka nuna cewa in sauri ya ninka, fahimta raguwa take yi. A 2019 wani masanin, Marc Brysbaert, ya ƙiyasta cewa baligi mai karanta Turanci a zuci yana yin kusan kalma 238 a minti in ba labari yake karantawa ba. To ina 238, ina 1,000?

Komawa baya da ake hana ku, ita ce hanyar da ƙwaƙwalwa ke gyara abin da ta fahimta ba daidai ba. Manhajar da ke walƙo kalma ɗaya-ɗaya ta toshe wannan ƙofa ke nan. Muryar zuci kuma tana riƙe maka farkon jimla har ka isa ƙarshenta. Abin yana damuna ƙwarai in na ga ɗalibi ya biya kuɗi don a raba shi da abubuwan da ke taimakonsa.

Mai tambaya: Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. To yaya zan yi da tulin nan, ga lokaci ya ƙure?

Malamin makaranta: Kafin ka fara babi, leƙa shi tukuna: kanun magana, jimlar farko ta kowane sakin layi, taƙaitawar ƙarshe, da tambayoyin bita in akwai. Daga nan za ka san inda ya cancanci ka zauna da inda za ka wuce. Wurin da ke da wuya, karanta shi a tsanake, ka rufe, ka faɗi abin da ka gane da bakinka. Kalmomin fannin da ke maimaituwa, rubuta su gefe ka san ma'anarsu, don baƙuwar kalma ita ce ta fi tsayar da ido. Ka kuma kashe sanarwar WhatsApp muddin kana karatu a waya.

Mai gyaran kwamfuta: Ƙari kan na Malam, leƙen nan ya fi sauƙi a kwamfuta. A Sumatra danna F12, jerin babuka zai fito a gefe in fayil ɗin na da shi, Ctrl da F kuma su nemo maka kalma.