Lema ta sauka daidai, oda ta makara: muhawarar 'yan zaure

Auta: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai yau sai na amayar da abin da ke raina. Jiya tun bayan isha'i nake kan wasan yaƙin nan da Yaya Injiniya ya saka min a kwamfuta, na gadar Arnhem ta ƙasar Holan, a yaƙin duniya na biyu. Sojojin lemata sun sauka lafiya lau. Na hango Jamusawa na taruwa a gaba, na ba birged oda su kauce su bi ta bakin kogi. Wallahi sai da agogon wasan ya ci fiye da awa guda kafin wani ya ɗaga ƙafa, kafin nan an tare hanya. Ni na ce wannan jinkirin ba gaskiyar yaƙi ba ne, wahalar da mutum ce kawai. Soja da oba-oba a hannu, me zai sa magana ta yi awa a hanya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Auta, ka saba da PUBG da Free Fire, inda kai ke jan lemarka ka dira kan rufin da ka ga dama. Wannan wani jinsi ne daban. A irin su Command Ops, na wani ƙaramin kamfani a Ostireliya, odarka sai ta bi tsani: hedkwatar dibishan, birged, bataliya, kamfani, kowa ya tsara nasa. In kuma ka tsallake manya kana juya kowane kamfani da hannunka, aiki ya yi wa hedkwatarka yawa, jinkirin ya ƙaru. Na san halinka, haka ka yi.

Auta: To ai don na ga sun yi sanyi ne, Yaya.

Kawu Saje: Auta, ɗana, bari tsohon ɗan sigina ya sa baki. Maganar ba ta daɗewa a cikin oba-oba, wannan ka yi gaskiya. A jikin mutane take daɗewa. Kwamanda ya ce a juya. Hafsoshinsa sai sun duba taswira, sun rubuta, sun kira kwamandojin kamfani. Ɗaya yana can yana fama da wuta, ba zai amsa ba. In ya amsa sai ya tara nasa ya yi musu bayani. Masu igwa a gaya musu, kada su yi wa namu ruwan wuta a sabuwar hanyar. Waɗanda suka ji ciwo a san inda za a bar su. Harsashin da aka sauke a sake lodawa. Awa guda ga birged? Ai sun yi maka kara.

Malam Habu: Kawu ya gama magana a wannan. Ni tarihin zan ƙara, tunda Arnhem ka ɗauko. Ranar 17 ga Satumba 1944 aka fara saukar, da rana tsaka, kuma ta yi kyau ƙwarai. Amma an sauke su kusan kilomita 13 daga gadar, kamar a ajiye ka wajen sabuwar jami'ar Bayero a ce ka taka ka kama gadar Ƙofar Nasarawa. Rediyoyinsu suka ƙi aiki yadda ya kamata. Janar Urquhart, kwamandan sojojin Ingila da aka sauke, da ya ga ba ya jin kowa, ya shiga jif ya fita neman mutanensa da yammacin ranar, bai koma hedkwatarsa ba sai safiyar 19, har ɓuya ya yi a saman wani gida Jamusawa na ƙasa a kan titi. Bataliyar John Frost, mutum wajen 750, su ne suka isa gadar. Kai awa guda ta dame ka, su kwana biyu babu mai gida.

Yaya Hauwa: Malam, ni fa ina bayan Auta, amma ba don dalilinsa ba. Abin da ka faɗa ma shi ne hujjata. Urquhart bai san inda mutanensa suke ba. Auta kuwa yana zaune a Gwammaja yana kallon kowane kamfani nasa a allo, ya san wa ya gaji, wa harsashinsa ya ƙare, a daidai wannan minti. An bar masa ido irin na shaho, an ɗaure masa baki. Wannan rabin gaskiya ce. In jinkiri za a yi, a yi shi ta hanya biyu: oda ta makara wajen sauka, labari ya makara wajen hawa. Abin da ke ƙona wa Auta rai shi ne yana ganin ramin, yana ihu, ba mai ji. Janar na gaske bai ma ga ramin ba.

Injiniya: Hauwa, wa zai sayi wasan da allonsa duhu ne?

Yaya Hauwa: Akwai masu saya. Radio General haka yake, taswira ce a gabanka da muryoyi a rediyo, kai ke matsar da alamomi bisa abin da aka gaya maka. Kuma asalin abin ma haka ya fara. Kriegsspiel, wasan yaƙi a kan taswira da sojojin Furushiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, suka karɓa a 1824, alƙali ne a tsakiya, shi ke riƙe da gaskiyar fili, ba ya nuna maka sai abin da mutanenka suka gani, saƙonka kuma sai ya ci lokacin da mahayi zai ci.

Auta: Yaya Hauwa Allah ya bar mana ke. To ga ta biyu. Wani wasan kuma, lema na sauka sai ya watsa min mutane kamar an zubar da gero, wasu a ruwa wasu a daji. Shi ma gaskiya ce?

Malam Habu: Wani dare gaskiya ce, wani dare ƙarya. Daren 6 ga Yuni 1944 a Normandi ta Faransa, Amurka ta zuba mutum wajen 13,000 na dibishan ta 82 da ta 101. Jiragen suka shiga gajimare, aka buɗe musu wuta daga ƙasa, layi ya watse. Wasu sun faɗa filayen da Jamusawa suka cika da ruwa a gefen kogin Merderet, kaya suka danne su suka nutse. A ɓangaren Ingila, Laftanar Kanar Otway ya je wurin haɗuwa da niyyar kai hari kan igwoyin Jamusawa da ke Merville, cikin mutum fiye da 600 wajen 150 kawai ya samu. Amma a wannan daren dai, jiragen nan marasa inji da ake ja da igiya sun ajiye mutanen Manjo Howard dab da gadar da yanzu ake kira Pegasus, cikin mintuna suka kama ta. Dare ɗaya, ƙasa ɗaya. To wace lamba mai haɗa wasa zai saka?

Injiniya: Sai ya saka caca, Malam. Dare ko rana, iska, ƙwarewar matuƙa, wutar ƙasa, a haɗa a jefa.

Malam Habu: Na yarda, amma ga inda nake jin ana yaudarar yara. Sun ɗauka warwatsewa ita ce gwajin gaskiya: in an watse an faɗi, in an sauka daidai an ci. Normandi an watse, aiki ya yi. Arnhem an sauka daidai, cikin mutum wajen 10,000 waɗanda suka tsallako kogi suka dawo ba su kai 2,500 ba. Watsewar Normandi ma rikita Jamusawa ta yi, rahoto na zuwa musu daga ko'ina, sun rasa ina ne ainihin harin. Rommel, kwamandan Jamusawa a yankin, yana gida Jamus, tankokin ajiya kuma ba a taɓa su sai da izinin Hitler, izinin bai fito ba sai wajen la'asar. Jinkirin da ya fi tsada a ranar ba na masu lema ba ne.

Kawu Saje: Malam ka taɓo inda nake so. Otway da mutum 150 ɗin nan, wa ya jira? Ba wanda ya jira. Ya kai harinsa. Nan ne nake rabuwa da wasannin nan naku. Na zauna bayan Auta ran sallah ina kallo: kamfani na tsaye, gada na gabansu babu mai gadi, sun ƙame kamar a fareti suna jiran oda. Sojan lema ba a horar da shi haka. Tun kafin ya hau jirgi an gaya masa manufa, in ya sauka bai ga oga ba, saje ya ja, in babu saje kofur ya ja. Jinkiri na kama babban shiri ne, ba ya kama mutum goma da suka san abin da ya kawo su.

Malam Habu: Eben-Emael ke nan, Kawu, sansanin Beljiyam da Jamusawa suka dira a kansa, 10 ga Mayu 1940. Igiyar jirgin kwamandan, Witzig, ta tsinke tun a hanya. Saje ne ya riƙe aikin har ya iso daga baya.

Yaya Hauwa: To kun ga, an dawo kan maganata ta wata ƙofar. Na ƙasa ya fi yadda wasa ke nuna shi wayo, na sama ya fi yadda wasa ke nuna shi makanta.

Injiniya: Ku yi min adalci dai. Kwamfuta ba ta san niyya ba, lissafi take yi. In ka ba kamfani 'yancin motsi da kansa, gobe Auta zai dawo nan yana kuka wai sun bar inda ya ajiye su. Kuma kowane wasa da girman da ya ɗauka. Combat Mission na farko jinkirinsa na daƙiƙoƙi ne, sabon shiga ya fi tsohon hannu daɗewa, don mutum goma-goma kake juyawa. Flashpoint Campaigns in abokin gaba ya toshe maka rediyo, tazarar da ke tsakanin odarka da ta gaba sai ta tsawaita. Hearts of Iron kuwa duniya duka ce a allo, sharaɗinsa ka mallaki sama kafin ka zuba lema, ba ruwansa da wane saje ne ya ɓata a gona. Ba za ka auna su da mudu ɗaya ba.

Auta: Ni a Hearts of Iron ɗin na taɓa cinye ƙasa guda da lema kawai 😂

Malam Habu: Jamusawa ma sun ci tsibirin Kirit na Girka da lema a Mayun 1941, amma ka tambayi kuɗin. Da ƙaramar bindiga da gurneti yawancinsu ke dira, manyan makamai na cikin akwatuna daban, sai ka bi fili ana harbinka kana neman akwati. Filin jirgin Maleme ma sun same shi ne saboda masu tsaron tudun da ke kallonsa sun janye da dare, bayan kwamandansu ya daina jin ɗuriyar wasu kamfanoninsa. Bayan wannan asarar Hitler bai sake yarda da babbar sauka irinta ba.

Kawu Saje: Ka ji ko, Auta. Oba-oba ta yi shiru, tudu ya tafi.

Auta: Kawu na ji, amma ban sauka daga maganata duka ba. In za a ɗaure min baki, a rufe min ido kamar yadda Yaya Hauwa ta ce, kuma a ba sajena hankali. In ba haka ba, akwai wurin rage jinkirin a saiti, zan rage.

Injiniya: Rage mana, kwamfutarka ce. Amma kada ka zo shago Fam Santa kana cika baki ka kama Arnhem.

Yaya Hauwa: Ni ga tayi. Asabar bayan la'asar a zauren Kawu. Auta a ɗaki da taswirar takarda, ba ya ganin allo. Injiniya a kan kwamfuta. Duk oda a rubuce, ƙaramin yaro ya kai, duk rahoto a rubuce ya dawo. Kawu ne alƙali, in ya ce rediyo ta mutu, ta mutu.

Kawu Saje: Na karɓa. Yaron kuma in ya tsaya sayen awara a hanya, ba ruwana, yana cikin lissafi.

Auta: Kai Kawu! To wa zai kawo janareto? Unguwarku ba a cika samun wuta da yamma ba.

Injiniya: Zan zo da shi. Kai ka zo da kuɗin mai.