Shukata ta saman bene ta ƙone, ina zan kama yanzu?

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin harkar shuka ku taimaka min da shawara. Ina Jidda wajen Karantina, saman benenmu akwai fili, sai maigida ya haɗa min akwati biyu na ƙarfe da nufin in riƙa samun ɗan ganyen miya, don wallahi na gaji da busasshiyar kuɓewa da jiran wanda zai zo Umra ya riƙo min yakuwa. Bayan babbar sallah na cika su da yashin da magina suka bari a layinmu, na zuba kashin ragon layya, na shuka kuɓewa da tumatir da alayyahu. Sun fito gwanin sha'awa, kwana goma sai bakin ganyen ya fara ƙonewa, saman ƙasar kuma ya yi fari fat kamar an barbaɗa kanwa, safe da yamma nake ban ruwa amma duk suka mutu. Irin ne ba kyau ko hannuna ne?

Wata Hajiya daga Shara Mansur, Makka:
Wa alaikumus salam ƙanwata, hannunki lafiya lau, lokaci kika saɓa. Sallar ta faɗo a watan Yuni, wa ke shuka tumatir a Yuni a ƙasar nan? Mu a Makka zafi ya kan wuce 45, mutum ma neman inuwa yake balle ɗan tsiro. Nan ba lissafin damina ake ba irin na gida, daga Oktoba zuwa wajen Maris shi ne daminarmu. Kuɓewa da lalo da yakuwa su kam suna jure zafi idan an yi musu rumfa, amma tumatir da latas da jarjir (wani ganyen salak) ki jira sanyi. Kuma kashin rago ɗanye wuta ne, sai ya yi wata biyu zuwa uku a jibge ana yayyafa masa ruwa ya ruɓe, warin ya fita tukuna.

Wani Malam mai aiki a mashtal, wato wurin renon tsirrai:
Hajiya ta faɗi gaskiya amma ni akwatin ƙarfen nan ya fi damuna. Taɓa shi da azahar ki ji, to haka jijiyar ke dahuwa a ciki, kina ta ban ruwa kina ƙara dafa ta. Ki nemi katakon tabliya, wanda ake ɗora kaya a kai, da ake zubarwa bayan shaguna a haɗa miki, faɗinsa kar ya wuce mita ɗaya don hannunki ya kai tsakiya ba sai kin taka ba, zurfi santimita 30 ya ishi ganye, tumatir da kuɓewa ki ba su 40. A huda ƙasan sosai, a ɗora kan bulo yadda ruwa zai tsiyaye iska kuma ta ratsa. Farin da kika gani gishiri ne, yashin gini na bakin tekun nan sau da yawa da gishirinsa yake zuwa, ruwan wayit, wato na tanka, ma wani na rijiya ne mai zartsi, ke kuma kina yayyafawa kaɗan kaɗan rana na shanye ruwan tana bar miki gishirin a sama. Idan za ki ba da ruwa ki ba shi har ya fito ta ƙasa. Haɗin da nake yi wa mutane, kashi ɗaya ƙasar noma, ɗaya bitmos (ruɓaɓɓen gansakuka da ake sayarwa), ɗaya ruɓaɓɓen taki, sai a rufa saman da busasshen ganye. Yashin can ki zubar kawai kar ki ji asara.

Wata 'yar uwa daga Madina:
Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato AC!! ku da ke Jidda da laimar nan taku ai bokiti kike cikawa a rana, kuma ba gishiri cikinsa ko kaɗan, ni da shi nake raya na'ana'a ta.

Wani Baba ɗan Mai Wurno ta ƙasar Sudan, mazaunin Jidda:
'Yata kafin komai mai gidan hayar ya sani? Akwati mita biyu da ɗaya, zurfin 30, in ƙasar ta jiƙe ya haura kilo 800, tsofaffin gidajen unguwarku kuwa na san su. Ki jingina shi ta gefen bango inda ginshiƙi yake, ki shimfiɗa leda mai kauri, kar ruwa ya yoyo wa na ƙasa a zo ana sa'insa. Ni dai ban yarda da sayen bitmos da yawa ba Malam, in ya bushe ƙememe ruwa zamewa yake ta gefe, mu a bakin Nilu taki da ƙasa kawai muka sani kuma karkade, wato yakuwa, har ya fi mutum tsayi.

Malamin mashtal:
Baba ai ƙasar bakin Nilu daban ce, kawo mana buhu ɗaya in daina sayar da bitmos yau.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, wallahi maganar nauyin nan ko kaɗan ba ta zo min ba, daren nan zan sa maigida ya kira mai gidan. To tattabaru fa? su ma sun tsige min rabin alayyahun tun kafin rana ta ƙarasa shi.

Hajiyar Makka:
Koren ragar nan ta inuwa mai tare kashi 50 cikin ɗari na rana, ki ɗaura ta sama ki sako ta har gefe, ta tare rana ta tare tattabaru har da kyanwowin da ke mai da akwatin banɗaki. Idan kin rasa irin yakuwa ki min magana, ina da na bara cikin kwalba.