Wai Frankel jini ne ko horo?

Mai_sukuwa: Salam jama'a, jiya na kalli tseren dawakin Ingila mai suna 2000 Guineas na 2011, wallahi tun daga farko Frankel ya tsere musu kamar su tafiya suke yi. Don Allah wa ya san asalin dokin nan?

Dan_barga: Wa'alaikassalam ɗan uwa. Ai jini ne, ubansa Galileo ne, uwarsa kuma goɗiya Kind, ɗiyar Danehill, to ka ga ta wajen uba da ta wajen uwa duk suna komawa kan shahararren dokin nan Northern Dancer, kuma ita uwar Galileo, Urban Sea, ta ci babban tseren Arc a Faransa a 1993.

Baba_tsoho: Yaro kar ka manta da mai horar da shi, Henry Cecil, fa. Dokin nan zafin kai gare shi, Cecil ne ya lallaɓa shi har ya iya riƙe ƙarfinsa, alhali mutumin yana fama da ciwon daji, ya rasu 2013. Tsere 14 Frankel ya yi, bai faɗi ko ɗaya ba.

Mai_sukuwa: Allah sarki. 'Ya'yansa fa Baba?

Baba_tsoho: Adayar ɗansa ne, shi ya ci tseren Derby na Ingila a 2021.